Katakon da Inna Ta Zaɓa

Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ya cinye kabad ɗin kicin ɗin Inna. Ya jima yana ɓarna a ɓoye, har allon ƙasa ya kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi. Ƙofofin suka karkace, wata ta ƙi rufuwa, wata ba ta buɗuwa sai an sa mata gwiwa. Auta ce ta gano girman abin, ranar da ta durƙusa neman murfin tukunya, yatsanta ya nutse cikin katakon.

Auta ita ce ƙaramar 'yar gidan, kuma kafinta ce. Makarantar koyon sana'a ta yi, ita kaɗai mace a ajinsu, ta fito da takardar shaida a jaka, tafin hannunta kuma ya yi kanta. Tana da shagonta a bayan layi, inda masu wucewa har yau suke rage tafiya don su ga mace riƙe da zarto. Ba ta taɓa ɗaga kai ta dube su ba. Babban wansu, wanda kowa ke kira Yaya, bai gama haɗiye zancen ba tukuna. "Injiniyar ƙusa" yake ce mata, ita kuwa takan amsa, "Na'am, mai kujera mai juyawa."

Da labarin kabad ya kai masa, sai ga shi ranar hutu tare da matarsa. Ya tsaya a ƙofar kicin yana toshe hanci.

"Inna, an gama da wannan tarkacen. Sabo fil za a yi miki. Na yi magana da masu yin na zamani, fari tas, yana ƙyalli, ko mariƙi babu. Taɓawa kawai za ki yi ya buɗe da kansa." Ya zaro waya ya lalubo hoto. "Gani ya kori ji. Duba nan."

Inna ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da fuska. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, ya yi kyau," in ji ta. "Fari tas kuwa. Allah ya yi albarka."

Babu wanda ya ce amin. Tun kafin ta gama goge hannu hasken wayar ya mutu. Baƙin gilashi take yabo.

Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Yaya ya karɓi wayarsa a hankali kamar mai karɓar ƙwai, ya dubi Auta, ya yi mata alama da ido su fita.

Auta ta riga kowa sani. Ita ta fara lura da cewa in Inna ta ce "Ba ni in gani," hannu take miƙawa. Atamfa, kifi, goshin jika mai zazzaɓi, duk da tafin hannu take ganinsu. Ita ta kai ta asibiti, inda likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, maganin ɗigawa zai rage mata gudu ne kawai. A hanyar dawowa Inna ta damƙe mata wuyan hannu ta ce, "Ba na son a fara yi mini magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Kin ji ni ko?" Auta ta ji, ta kuma kama bakinta.

A jikin mota Yaya ya fashe.

"Tun yaushe?"

"An jima."

"An jima! Kina kallo tana kunna gas, tana riƙe wuƙa, tana tsaye a kan tafasasshen mai? Auta, kina da hankali kuwa?"

"Ka taɓa cin abincinta ka ji gishiri ya yi yawa?"

"Ba zancen gishiri nake ba, zancen ranta nake." Ya juya ya yi kamar yana duba taya. "Za a yi kicin ɗin, amma ba don ita ba. Zan kawo mai girki. Ta zauna ta huta, ta yi wahala ta isa."

Auta ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma ta san wani abin kuma. Tun rasuwar mahaifinsu, daga wannan ɗan kicin Inna ta riƙe gidan. Ta dafa wa ma'aikatan gini, ta dafa wa malaman makaranta, ta dafa ranar da take da lafiya da ranar da ba ta da ita. Akwai lokacin da ta karya yatsa, ta ɗaure shi da tsumma ta ci gaba da yanka albasa. Ba a taɓa jin ta ce wayyo ba. Mace irin wannan, in ka ce ta huta, ka ce mata ta kwanta ke nan ta jira.

"Ka fitar da ita daga kicin, ka fitar da ita daga duniya," in ji Auta. "Ka bar mini aikin. Ni zan yi."

"Ke?"

"Ni. In ka dawo ka ga ta kasa, ka kawo mai girkinka, ni zan buɗe mata ƙofa."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Taurin kanki dai ba a ƙasa kika tsince shi ba." Ya shiga mota.

Washegari Auta ba ta je shago ba. Ta zauna a bakin ƙofar kicin da kofin shayi, tana kallon uwarta. Sau dubu ta ga Inna na girki, amma ba ta taɓa kallo da idon kafinta ba.

Inna ta shigo, yatsunta na bin gefen kantar girki. Da suka iso ƙofar da ke cijewa, ta sa gwiwa ta buɗe, ta ɗauko gishiri. Ta wuce ta mai karyayyen mariƙi, ta zura ɗan yatsa cikin ramin ƙusa, ta ciro man girki. Wadda ta kumbura ita ce ta tukwane. Wadda fentinta ya ɓare ita ce ta shinkafa da wake. Ko sau ɗaya hannunta bai yi kuskure ba.

Shayin ya huce a hannun Auta. Ashe duk abin da take ɗauka lalacewa ce, ita ce hanyar da Inna ke bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin da yoyon take gane ɗakinta. In aka jera mata fararen ƙofofi sumul, iri ɗaya, marasa mariƙi, an makantar da ita karo na biyu.

Dabarar farko da ta zo wa Auta ita ce alama. Ta ce za ta sassaƙa cokali a wannan ƙofa, tukunya a waccan, ɗigo-ɗigo a ta gaba.

Inna ta ajiye ludayi. "Kicin za ki yi mini ko ajin 'yan firamare?"

"Inna, don dai sauƙi ne."

"Sauƙin wa? Baƙuwa ta shigo ta ga an zana mini cokali, ta fita ta ce me? Idona ƙalau. Hasken kicin ɗin nan ne ba shi da kyau, tun ran gini."

Wannan girman kan ta san shi, don kullum da shi take fita. Ta kwana biyu tana juya abin a rai. Tana cikin share ɓaraguzan katako a shago, tana ware su da hannu ba tare da ta duba ba, wannan maɗaci, wannan farin katako, sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu.

Ta dawo gida ta ce, "Inna, gobe za ki raka ni kasuwar katako. Kicin ɗinki ne, ke za ki zaɓa."

Kasuwar katako doguwar rumfa ce mai ƙarar inji da ƙamshin ɗanyen ice. Auta ta saƙala hannunta cikin na Inna kamar mai shagwaɓa, ta haka take kauce da ita daga ƙusoshi da kan falanki. Mai katakon da take saye a wurinsa, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya taso da fara'a.

"A'a, yau kafinta da babbar baƙuwa! Sannu da zuwa, Mama. Kicin ne? Ai kun zo a daidai." Ya jawo wani allo mai ƙyalli. "Wannan ake yayi. Kina iya gyara ɗankwali a jikinsa."

Auta ta juya allon ta nuna gefensa. "Garin katako ne da gam, aka lulluɓe da leda. Kyan ɗan maciji. Na jefa guntunsa a bokiti, kafin la'asar ya zama kunu. Baba, irinsa ne ya kawo mu nan."

"To, ke dai ba a sayar miki da kwalliya."

"A gangar jikin kabad ɗin, katako mai falle-falle nake so, wanda ba ya shan ruwa. Shi ya kwana a bokitin ya tashi yadda ya shiga. Ƙofofi kuwa, ga mai zaɓe nan."

Mai katako ya fara nuna wa Inna falankai daga nesa, yana yabon launi. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni in gani."

Ya miƙa mata guntun farko. Ta auna nauyinsa, ta shafa shi da tsawo, ta shafa shi a karkace, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Katakon ya amsa da babbar murya.

"Wannan fa?"

"Kawo ne, Mama. Gara ma tsoronsa take."

"Ubanku ke nan," ta ce da Auta. "Nauyi, ga rashin magana. A ba shi tukwane."

Na biyu ta kai shi hanci, har ta ɗan taɓa da harshe, ta yamutse fuska. "Maɗaci. Da shi aka yi mini gadon aure. Layinsa kamar an taje gashi. Shi zai riƙe gishiri da kayan ƙamshi, ƙwaro ba ya son ɗaci."

Na uku farin katako ne marar nauyi. Ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara kamar ganga. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ga Yayanku! Ba nauyi, sai amo. Amma yana da daɗin hannu, ba ya soke mutum. A sa shi sama, inda kofuna suke."

Ta bi rumfar tana laluben duk abin da hannunta ya kai. Ta sami wani allo na tsagaggen gora mai gaɓa-gaɓa, ta ce na shinkafa da wake ne. A bakin rumfa yatsunta suka faɗa kan fallen alminiyam, ta janye su don sanyi, ta sake mayarwa. Auta ta ce wannan shi zai tsare ƙarƙashin famfo, ruwa ya zo ya ci in ya isa.

Mai katako ya ciro fensir ya sosa ƙeya. "Mama, ki gafarce ni. Ba a haɗa kicin da katako kala-kala. Sai ya fito kamar rigar faci."

"Kai 'ya'yanka kala ɗaya ka haife su?"

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya dubi hannun Inna da ke kan goran, ya dubi idonta da ke kallon gefen kafaɗarsa, ya dubi Auta. Auta ta tsare shi da ido ba ƙiftawa. Dattijon ya mayar da fensir bayan kunne.

"Mama ta san katako," ya ce. "Bari in zaɓo muku busassu daga ciki."

Aikin ya ci kwanaki. Auta ta ɗora kabad ɗin a kan ƙafafun ƙarfe don kada ya sake zama cikin ruwa. Ta kashe kaifin kowace kusurwa. Ƙofofin sama ta yi su masu zamewa gefe, don kada wata ta tsaya a buɗe tana jiran goshin Inna. Da ta gama, ta yi abin da aka koya mata a makaranta kuma ta saba yi wa kowa: ta fesa musu man sheƙi, shafi bisa shafi, har suna ɗaukar ido. Ta jingina su a bango ta ja da baya. Ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Sai ta rufe ido, ta miƙa hannu.

Ta shafa ta farko, sumul. Ta biyu, sumul. Ta uku ma haka. Kawo da maɗaci da farin katako duk sun zama gilashi ɗaya. Layin da Inna ta ce kamar an taje gashi ya nutse a ƙarƙashin sheƙi. Ta yi kicin ɗin wayar Yaya da hannunta, sai dai nata mai launi ne.

Ta daɗe a tsaye. Babu wanda zai ga laifinta in ta kai su a haka, kowa ma yabawa zai yi. Ta ja dogon tsaki, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ɗauko samfefa.

Da hannu ta kankare su, don inji zai cinye layin katakon tare da man. Tana bin jijiyar kowane ice yadda ta kwanta. Ƙura ta cika mata hanci, fatar yatsunta ta sale, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba. Maƙwabcinta mai walda ya leƙo ya ce, "Kafinta, lafiya? Jiya kin gama, yau kina rushewa?" Ta ce, "Jiya na yi wa ido, yau hannu nake yi wa." Ya tafi yana girgiza kai. Da katakon ya dawo tsirara, ta shafa masa man da ke shiga jiki ba ya zama a sama, ta goge, ta sake shafawa. Ta rufe ido ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa mata sunansa.

Ranar da Yaya ya dawo, an riga an kafa komai, an gyara famfo, an mayar da kaya. Ya tsaya a ƙofar kicin ya riƙe ƙugu.

"Injiniyar ƙusa, wannan wane irin kwamacala ne? Katako ne ya ƙare miki?"

"Ni kuwa ya burge ni," in ji matarsa. "Wallahi ko a gidajen manya ban ga irinsa ba. Auta, ni ma na shiga layi."

"Ku matsa mini," in ji Inna daga bayansu. "Rana na yi."

Suka matsa. Ta shigo da zaninta ɗaure a ƙirji bisa riga, yatsunta na bin gefen kantar girki. Ta kunna wuta, ta kara tafin hannu daga nesa ta ji ƙarfinta. Ta durƙusa ga kawo ta ciro tukunya. Ta ɗebo shinkafa daga bayan gora. Auta ta jingina da bango, ta harɗe hannu.

Aka zo kan gishiri. Inna ta juya, ta ɗaga gwiwa yadda ta saba yi shekara da shekaru, gwiwar ta daki ƙofar da ba ta cijewa. Ta tsaya. Hannunta ya tashi cikin iska yana nema, ya faɗa kan sanyin alminiyam, ya janye. Ruwan tukunya ya fara tafasa.

Yaya ya ɗaga ƙafa. Auta ta damƙe masa hannun riga, ta girgiza kai.

Inna ta ja numfashi. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙofar da ke kusa, ta shafa da tsawo, ta wuce. Ta shafa ta gaba, yatsunta suka bi layi-layin nan, suka tsaya. Ta buɗe, ta ɗauko gishiri, ta zuba a tafin hannu, ta auna, ta watsa a tukunya.

"Kicin ɗin nan ya yi," ta ce, tana juya ludayi, ba ta waiwayo ba. "Ko ido a rufe sai in yi girki a cikinsa."

Sai kafaɗun Inna suka fara girgiza, dariya ta kuɓuce mata, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan. Matar Yaya ta bi ta, tana share ido da gefen mayafi.

"Suya cikin mai da yawa na bar wa Auta," in ji Inna da ta lafa. "Ba don komai ba, hayaƙin ne ba na so. Sauran kuwa nawa ne. Na ji an ce wai za a kawo mini mai girki?"

Yaya ya yi gyaran murya. "Dama dai don ta riƙa taimaka..."

"Turo ta. In tana da kai, sai in koya mata."

Ya matsa gefe, ya tsaya kusa da kabad ɗin tukwane. Da ya ga kowa ya koma kan tukunya, sai ya rufe ido, ya ɗora hannu a kan ƙofar, ya ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa.

"Wa ke taɓa mini kawo da hannun mota?" in ji Inna. "Je ka wanke hannu, ka zo ka sauko mini da faranti."

Ya je bakin famfo ya naɗe hannun riga. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ce da matarsa, "Duba mini. In mai girkin nan ce, ki ce mata an fasa."